Zoben da Ya Tsallaka Shinge

Dondu ba haifaffiyar ƙauyenmu ba ce, ko da yake yanzu ta kusa fin kowa daɗewa a cikinsa. Daga wani ƙauye na kan dutse aka kawo ta, can sama da namu, inda a yau ba kowa sai karnukan makiyaya. Ita ce mace ta biyar a jere a ɗakin uwarta, shi ya sa aka raɗa mata Dondu, wato "ta juya", don haihuwa ta juya ta koma ta maza. Bayanta ma 'ya'ya mata biyu aka ƙara haifa.

Ni Zeliha ce, maƙwabciyarta. Tagar ɗakin girkina tana kallon filin kiwon da ke bayan gidansu. Mutane suna cewa ina da sa ido. Ni dai ba ni na huda tagar nan ba, da aka kawo ni aure a wurin na same ta. Abin da ya faru kafin zuwana kuwa daga bakin surukata na ji, ita ma tagar ce ta nuna mata.

Amaren wajenmu da barguna suke zuwa, da tukwanen tagulla daga kasuwar birnin Kastamonu, mai hali ma har da saniya. Dondu ta zo da bargo ɗaya, da kasko, da wani dogon zare da uwarta ta shirya busasshiyar laimar kwaɗi a jikinsa kamar carbi. Irin ƙananan nan ne da ake kira kan-ƙusa: kansa bai fi kwabon lira ba, launinsa na ɓawon gurasa, ƙafarsa siririya. Mu nan ba mu ɗauke shi abinci ba. Babbar ja ta cikin daji muke ci da kaka, wadda in ka samu biyar ka cika tukunya. Uwar mijinta ta ɗaga zaren da yatsa biyu ta ce, "Wannan na wuya ne ko na ci?"

"Na ci ne, Inna."

"To, Allah ya sa mu ƙoshi."

Da hunturu ya kankama, Dondu ta zare rabin abin ta jiƙa a ruwan ɗumi. Abin da ya shiga ruwa a ƙanjame sai ya fito a miƙe, sumul, kamar da safen nan aka tsinko shi. Ta dafa shi da ɓarzajjiyar alkama da man shanu da tafarnuwa. Mijinta Satilmish, dogon mutum wanda magana take yi wa tsada, ya cinye nasa, ya leƙa tukunya ya ce, "Akwai saura?" Wannan shi ne yabo mafi tsawo da ya taɓa yi mata, kuma ta riƙe shi. Ruwan jiƙon kuwa ta watsar a bayan gida, a bakin filin kiwo.

Bayan shekara biyu ko uku, da ƙanƙara ta narke aka yi ruwan farko mai ɗumi, sai ga kan-ƙusa ya tsiro daidai wurin, ya yi zobe a cikin ciyawa, faɗinsa bai wuce tiren shayi ba. Ko ruwan jiƙon ne, ko dai haka Allah ya ga dama, ni ban sani ba. Dondu ta ce ruwan ne. Ta ce kayan ɗakinta ne suka yi saiwa, ta kuma tsuguna a wurin ta yi kuka, don a shekarar uwarta ta rasu, ƙanƙara ta toshe hanya ba ta samu zuwa ba.

Tun daga nan aka san ta da abin. In ta tsinko, a bakin ƙofa take zama da kwando a cinya. Kowanne sai ta murɗa ƙafarsa a yatsa: in ta naɗu ba ta karye ba, nata ne, in ta ɓalle, to wani fari ne mai kama da shi da ke kwantar da mutum, sai ta wurga wa gangare. Sannan ta datse ƙafafun da farce ta zubar, don tauri gare su kamar tsinken tsintsiya. Ba ta wanke shi, hurawa take yi. Man shanu a kasko, albasa har ta yi laushi, sai ta zuba kawunan ta ƙyale su har ruwansu ya tsotse suka fara ƙara. Gishiri a ƙarshe. Ƙwai biyu a kai, ba juyawa, a rufe. Na sha gwada yi a gidana, mijina ya ci ya ce ba laifi, yana kallon hayaƙin gidan Dondu.

Abin da ba mu lura da shi da wuri ba shi ne zoben yana tafiya. Kowace shekara sai ya buɗe da kamar taƙi ɗaya, tsakiyarsa ta zama ciyawa zalla. Tiren shayi ya koma tabarma, tabarma ta koma ɗaki. 'Ya'yanta uku ma haka suka yi, suna girma suna nisa da tsakiya, har suka ɓulle Istanbul. Ita ce ta faɗi wannan, ba ni ba.

To, Satilmish yana da ƙane, Durmush, gajere mai surutu, wanda in ya gaishe ka sai shayinka ya huce. Da ubansu ya rasu aka raba filin biyu, aka kafa dirkoki, aka ja waya mai ƙaya. Rabon ya tafi lafiya har aka zo kan wata bishiyar tuffa da ke daidai iyaka. Tuffar kuwa tsami gare ta, ko awaki sai sun yi shawara suke ci. A kanta suka yi faɗa a shagon shayi, gaban kowa da kowa, har Satilmish ya miƙe ya yi magana mai tsawon da ba a taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce, "Ku shaida. Duk ranar da ƙafar wani daga gidana ta taka ƙasar wannan, matata ta saku."

A lokacin Dondu tana gida tana tankaɗe. Shi ya yi rantsuwa, ita aka ɗaure. Haka mazan ƙauyenmu suke, in za su yi zafin rai sai sun nemo wuyan wani su rataya. Bishiyar ma ba ta yi ƙarko ba, hunturun gaba ta faɗi a kan shingen. Da yake ba a daidaita a kan wanda ke da itacen ba, a nan ta ruɓe.

Shingen ya bi ta gefen zoben Dondu, bai taɓa shi ba. Amma zobe ba ya zuwa shagon shayi, bai ji rantsuwa ba. Ɓangarensa da ya nufo gida ya ci karo da turken shanu ya mutu. Wani ɓangaren ya faɗa rafi. Ɓangare ɗaya tak ya rage da rai, shi kuwa ya sa kai ya bi ta ƙarƙashin waya ya shiga filin Durmush, taƙi-taƙi, ba gaggawa.

Da farko Dondu tana durƙusawa ta zura hannu ta cikin waya. Sai wasu mata suka fara cewa anya auren nan yana nan kuwa. Ta yafa mayafi ta je wurin liman.

"Malam, hannu ƙafa ne?"

Liman ya shafa gemu. "Me mijinki ya ce a rantsuwar?"

"Ƙafa ya ce."

"To hannu ba ƙafa ba ne, 'yata. Amma ki kula kada ki zame."

Ta yi shekaru a haka, duk hannayenta sun sha ƙaya. Da zoben ya fi ƙarfin hannu, ta ɗaura ludayi a jikin doguwar sanda. Ludayi ba ya murɗa ƙafa, ba ya tsinka, sai dai ya farfasa. Ran nan na leƙo ta taga na gan ta kwance rub da ciki a kan ciyawa, ƙafafu a halal, rabin jiki a filin Durmush, mayafi ya maƙale a waya. Na ce, "Yaya Dondu, in zo in tsinko miki? Ni ba a rantse da ni ba."

Ta ce, "Zeliha, ke ko farin mai guba ba ki sani ba. Kuma kayan ɗakina ne. Kin taɓa ganin an aiki maƙwabciya ta shiga ɗakin mutum ta ɗauko masa barci?"

Shekarar da ta biyo baya ko ludayi bai kai ba. Kan-ƙusa ya tsiro reras, ya fi na kowace shekara, tana tsaye a bakin waya tana kallo har ya bushe a tsaye. Nazife matar Durmush ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta ce ita ba ɓarauniya ba ce. Dondu ba ta yi wa mijinta ƙorafi ba. Ta dai dafa masa alkama da man shanu da tafarnuwa, ba komai a ciki. Ya tona da cokali, ya sake tonawa, ya dube ta. Ta ce, "Ya tafi gidan ƙanenka, maigida." Bai ce akwai saura ba. Ni kam na ji tausayinta har na rasa abin faɗi, ni da ban cika rasawa ba.

Da ruwan farko na wata shekarar ya sauka, ina wanke kofuna da hantsi sai na hango Durmush da guduma a kafaɗa. Ya tumɓuke dirka biyu, ya ja su baya cikin nasa filin, ya sake kafawa, wayar ta yi ciki ta zagaye zoben. Mutumin da ya rabu da ɗan'uwansa a kan tuffa mai tsami ke nan. Yana aikin yana magana da saniyarsa da ƙarfi, don duk wanda ke kusa ya ji.

"Ke Sarikiz, dirkokin nan sun ruɓe a gindi. Ƙasar nan ruwa gare ta. Can baya ta fi tauri. Ba don kowa na yi ba."

Dondu ta fito da kwando. Ta dubi shingen, ta dubi ƙafafunta, ta sake komawa wurin liman.

"Malam, iyaka shinge ne, ko inda shinge yake a da?"

Liman ya ce, "'Yata, mai ƙasa ya ce ga inda ƙasarsa ta tsaya. Ni wane ne? Jeki ki tsinka kafin rana ta yi."

Abin da ya rage shi ne Satilmish. Duk ƙauye ya san ba zai haɗiye wannan ba. Sai kuma aka ji ciwon baya ya kwantar da shi, mutumin da ko mura ba ta taɓa kama shi ba. Yana kwance fuska a bango, Dondu tana shiga tana fita da kwando. Ya ci na kasko da ƙwai a kwance. Ta shirya zare bayan zare ta rataye a ƙarƙashin rufi. Ranar da ta tsinke na ƙarshe, sai ciwon bayan ya warke. Ya fita zagaya fili, ya tsaya a gaban shingen kamar yau ya fara ganinsa, ya ɗauko tasa gudumar. Ya tumɓuke dirkokin ya mayar da su raminsu na da. Shi ma da tasa saniyar ya yi magana.

"Gaya wa mai ƙasar nan, gidan nan ba ma karɓar sadaka."

Durmush yana daga can nesa yana gyara igiya, ya ce wa Sarikiz, "Kin ji wai sadaka. Wa zai ba dogo sadaka, ai sai a hau tsani."

Haka abin ya zama al'ada. Ruwan farko, Durmush ya ja shinge. Ciwon baya ya kama Satilmish. Dondu ta tsinka. Ciwon ya sake shi, shinge ya koma. Yaran da aka haifa a lokacin sun tashi suna zaton haka ake yi a ko'ina, har wani jikana da aka kawo hutu ya tambayi ubansa yaushe ake jan shinge a Istanbul. Shanun suka tsufa aka canja wasu, su ma sababbin aka ci gaba da ba su saƙo. A masallaci 'yan'uwan nan sahu ɗaya suke tsayawa, ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan. Da salla liman yakan yi huɗuba a kan gaba tsakanin 'yan'uwa, su biyun su riƙa gyaɗa kai, kowa yana ganin da ɗayan ake.

Zoben dai bai daina tafiya ba. Dirka biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama shida, sai da Durmush ya sayo ƙarin waya daga gari. Aikin hantsi ɗaya ya koma na yini. Nazife ta rasu, 'ya'yansa suka so tafiya da shi birni ya ƙi, ya ce akwai aikin shinge. Ciwon bayan Satilmish kuma a hankali ya zama na gaske, har wata shekara sai da ya yi zama uku kafin ya mayar da dirka ɗaya. Durmush yana leƙe daga bayan rumbu, hankalinsa a tashe, yana ce wa saniya, "Wasu ba su san a jiƙa gindin dirka kafin a ja ba." Washegari aka ga Satilmish da bokiti.

Bara da hunturu Satilmish ya rasu. Durmush ne ya shiga kabari ya karɓe shi, ya gyara masa kwanciya, bai ce uffan ba, shi da ba ya iya rufe baki. Da aka watse ya zo ƙofar gida ya tsaya daga waje ya ce, "Matar Yaya, Allah ya ba mu haƙuri." Ta ce amin. Ya juya ya tafi.

Da ƙanƙara ta fara narkewa mata suka taru a kanta. Na ce, "Yaya Dondu, yanzu ai sai ki sa ƙafa ki wuce abinki. Mamaci ba ya saki."

Ta ce, "Ba ya saki, amma ba ya janye magana. Duk shekarun nan ina jan ciki a ciyawa don in zauna matarsa, sai yanzu da na kusa zuwa in same shi? In isa can ya dube ni ya ce ke wace ce?"

Ba a kai ga gardama ba, don da aka yi ruwan farko Durmush ya fito da gudumarsa kamar kullum. Sai da ya kwana biyu yana yi, yana ja yana hutawa, don zoben ya ci kusan sulusin filinsa. Bai yi magana da saniya ba. Dondu ta tsinka, ta soya, ta shirya zarenta. Aka gama, ciyawa ta rufe wurin, shinge yana nan inda aka kai shi.

Ni na ɗauka magana ta ƙare lafiya. Ga zobe ya dawo gida gaba ɗaya, ba rantsuwa, ba mai mayarwa, abin da ta yi rabin rayuwarta tana nema. Sai na fara ganin Durmush kullum da hantsi yana zuwa ya zauna a kan dutse kusa da dirkokin, yana fuskantar ƙofar bayan gidan yayansa. Ba ya yin komai. In rana ta yi sama ya tashi. Hayaƙi ya daina fita daga gidansa, shagon shayi ma suka ce ba su gan shi ba. Na kai masa miya, washegari na tarar da ita yadda na ajiye. Na ce, "Kawu Durmush, lafiya?"

Ya ce, "Ba wanda ya mayar, Zeliha."

"Ai ya rasu, Kawu. Kai ka sa shi a kabari."

"Na sani. Na sa shi. Amma ban sani ba sai yanzu."

Na je na gaya wa Dondu kamar yadda ya faɗa. Tana zaune a bakin ƙofa, zarurrukanta suna lilo a samanta. Ta daɗe tana kallon filin, tun daga kusa da turken shanu inda ta fara watsa ruwan jiƙo har can inda wayar ta yi ciki.

Washegari da hantsi na ji ƙarar bokiti. Na leƙa, sai ga Dondu, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta ɗaura ɗamara da mayafi, gudumar mijinta tana jan ƙasa a bayanta. Ta jiƙa gindin dirka ta farko, ta rungume ta tana girgizawa har ta fito. Ta ja ta da baya da baya zuwa tsohon raminta. Durmush yana kan dutsensa, baki buɗe. Ni na yi niyyar fita in taimaka, sai na ga ba nawa ba ne.

Da ta kafa ta farko ta tsaya tana haki. Ba ta da saniya, ta sayar bayan rasuwar, saboda haka shi ta duba kai tsaye.

"Durmush, gidan nan ba ma karɓar sadaka."

Ya goge fuska da hula. Can ya ce, "Matar Yaya, a karkace kika kafa ta."

"To baɗi ka gyara, in za ka ja."

Sai da ta kai la'asar kafin ta mayar da sauran, shi yana zaune yana ba da umarni, yana kushe kowace dirka, har muryarsa ta dawo daidai. Da ta gama, zoben ya koma can cikin filinsa, nesa da hannu, nesa da ludayi. Ta shiga gida ta jiƙa zare ɗaya, ta soya da albasa da ƙwai biyu, ta kawo kaskon da gurasa ta miƙa masa ta saman waya, ƙafafunta a nata gefen.

Ya ci a tsaye, ya suɗe kaskon da ɓawon gurasa. Ya leƙa ciki, ya ɗago ya dube ta.

"Akwai saura?"

Dondu ta karɓi kaskonta, ta juya masa baya na ɗan lokaci tana gyara mayafi. Sannan ta ce, "Sai baɗi. Ka dai tabbata kana nan."